Ƙarfen dafawa a ƙofar tirelar tafi-da-gidanka: wanne zai amfani tsohuwa mai ciwon gwiwa?

Baban Ikram, Columbus:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar tirelar tafi-da-gidanka a nan Amurka, wato ɗakin kwana mai tayoyi da ake ja da mota a je yawon buɗe ido, domin ni sabon shiga ne. Bara na sayi tawa, ta hannu ce, tsawonta ƙafa 26, kuma da a-kori-kura nake janta. Mahaifiyata ta zo daga Kano za ta yi mana wata huɗu, kuma mun ƙulla niyyar kai ta tsaunukan Smoky da ke tsakanin Tennessee da North Carolina idan yara sun samu hutu. Makon jiya muka yi gwajin kwana biyu a wani sansanin masu tirela kusa da gida, a nan ne na ga abin da ya tayar mini da hankali.

Matakalar tirelar taka uku ce, irin wadda ake jawowa daga ƙarƙashin ƙofa tana reto ba ta taɓa ƙasa, sai wani ɗan mariƙi na roba a gefen ƙofar wanda bai wuce tsawon taƙi ba. Wajen hawa Hajiya tana ƙoƙartawa, ko da yake da ƙyar. Sauka ce matsalar. Da asuba ta fito za ta yi alwala, buta a hannun hagu, dama kuma ta kama mariƙin, ta sa ƙafa a taka ta farko, sai matakalar ta lotsa, ta nemi ta biyu da ƙafa, hannunta kuwa yana can baya a manne da mariƙin har kafaɗarta ta juya. Da ta ga ba hali sai ta koma ta zauna a bakin ƙofa, ta riƙa saukowa a zaune, taka bayan taka. Ba ta ce mini komai ba, amma na lura duk yinin nan ba ta sake fitowa ba sai da ta tabbata ina kusa. Ban ɗauko ta daga gida don ta zauna a cikin akwati tana leƙen duniya ta taga ba. Wane irin ƙarfen dafawa kuka gwada, kuma yaya ake ɗaura shi?

Alhaji Mai Tirela, Houston:

Wa'alaikumus salam Baban Ikram, Allah ya saka maka da alheri a kan kula da Hajiya, ya ƙara mata lafiya. Na shekara fiye da ashirin ina tuƙin babbar mota a ƙasar nan, kuma abu na farko da ake koya wa direba kafin ma ya kunna inji shi ne yadda zai hau da yadda zai sauka: koyaushe gaɓoɓi uku su kasance a dafe da motar, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, kuma fuskarsa tana kallon motar, ba ya ba ta baya. Direbobin da na sani sun karye, yawancinsu wajen sauka ne, da kofin shayi a hannu. Saboda haka tun kafin ka sayi komai, ka karɓi butar nan daga hannun Hajiya, ka ajiye mata ita a ƙasa tun da dare a kan ɗan teburi kusa da matakalar.

Abu na biyu, ina ganin ka fara tambayar daga sama ne alhali matsalarka tana ƙasa. Ka ce matakalar tana lotsawa. Ko da ka kawo ƙarfen dafawa mafi tsada, muddin abin da ke ƙarƙashin ƙafarta yana motsi, zuciyarta ba za ta natsu ba, kuma duk nauyinta za ta ɗora wa hannu. Akwai ƙaramin madogari mai kama da jak da ake sawa a ƙarƙashin takar ƙarshe ya tokare ta da ƙasa, kamfanin Camco yana yin sa, wasu ma suna yi, kuɗinsa kaɗan ne. Idan kuma aljihu zai ɗauka, ka cire mai reton gaba ɗaya ka sa irin wadda ƙafafunta ke sauka har ƙasa, kamar SolidStep ta kamfanin Lippert ko StepAbove ta MORryde. Ni StepAbove ce a tawa, kuma tun ranar da na sa ta mai ɗakina ta daina kirana in riƙe mata hannu.

Maman Hanif, Silver Spring:

Salamu alaikum. Ina goyon bayan Alhaji, zan kuma ƙara da abin da nake gani a wurin aikina, domin aikina shi ne koya wa masu ciwon gaɓoɓi da waɗanda aka yi wa aikin gwiwa yadda za su koma tafiya. Abin da ka kwatanta, Baban Ikram, ba laifin ƙarfin Hajiya ba ne. Mariƙin da ke gefen ƙofa an yi shi ne don mai hawa ya jawo kansa sama. Mai sauka kuwa yana buƙatar abin da zai dafa a gabansa, wanda zai bi shi yana gangarawa tare da shi, ta yadda duk takar da ya kai hannunsa yana daidai ƙugunsa. Idan abin riƙon ya tsaya a sama mutum yana ƙasa, to ko dai ya saki a tsakiyar hanya, ko kafaɗa ta murɗe, kuma na ga tsofaffi da dama da suka tsira daga faɗuwa amma suka kwana da ciwon kafaɗa na watanni.

Ga ma'aunin da nake so ka riƙe a kanka idan ka je saye. Ƙa'idar gine-ginen jama'a da ta biyo bayan dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 a nan Amurka ta ce ƙarfen dafawa ya kasance tsakanin inci 34 zuwa 38 daga bakin kowace taka, wato kimanin santimita 86 zuwa 97, kaurinsa kuma idan zagayayye ne daga inci 1 da kwata zuwa inci 2, domin yatsu su iya zagaye shi, sannan a bar aƙalla inci 1 da rabi tsakaninsa da bango. Wannan ƙa'ida ta gini ce, ba ta hau kan tirela ba, amma hannun mutum ɗaya ne ko a asibiti ko a daji. Ka ɗauki tef ka auna tazarar da ke tsakanin ƙasa da taka ta farko kuma, domin a gidajen kwana na nan ba a yarda taka ta wuce inci 7 da kwata uku ba, alhali a tirela, idan filin da aka tsaya ba shimfiɗaɗɗe ba ne, takar farko takan yi nisa sosai da ƙasa.

Sannan ka tambayi Hajiya wace gwiwa ce ta fi damunta. Wajen hawa, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwon ta biyo baya. Wajen sauka, mai ciwon ce ke fara sauka. Ta haɗa ƙafafun biyu a kan kowace taka kafin ta ci gaba. Ka zauna da ita da rana tsaka ku maimaita sau biyar ko shida har jikinta ya saba, kada asuba ta zama lokacin koyo.

Injiniya, Elkhart:

Assalamu alaikum. Yaya Maman Hanif ta faɗi abin da jiki yake so, ni kuma bari in faɗi abin da bangon zai iya ɗauka, tun da a nan nake cin abinci. Ga wanda bai sani ba, yankin Elkhart da ke arewacin Indiana shi ne cibiyar ƙera waɗannan motoci a Amurka, a nan kamfanonin Thor da Forest River suke, Jayco da Grand Design suna Middlebury, Keystone tana Goshen, duk tafiyar mintuna ce tsakaninsu. Na yi shekaru ina aikin haɗa bango a ɗaya daga cikin masana'antun yankin, kuma abin da nake so kowa ya gane shi ne bangon tirela ba bangon gida ba ne, ba shi ma da kusanci da shi.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai fatar alminiyam mai gurbi-gurbi kamar kwanon rufi, wanda a cikinsa akwai siraran katakai a tsaye. Akwai kuma mai santsi, wanda fatar faiba, wato wata roba mai tauri, ce a waje, da siririn falle a bayanta, da soso mai tauri a tsakiya, da wani fallen a ciki, duka an manne su da gam an matse, sai bututun alminiyam nan da can a matsayin ƙashi. Kaurin bangon duka bai fi inci biyu ba a mafi yawansu. Idan ka ɗaura noti a inda babu ƙashi, abin da ya kama shi ne fata da soso kawai. Ranar farko zai yi kamar ya kama gam. Bayan wata biyu ana ja ana saki, ramin zai buɗe, ruwan sama ya samu hanya, gam ɗin ya saki, fatar ta fara kumbura tana rabuwa da abin da ke bayanta, kuma gyaran wannan ya fi kuɗin ƙarfen dafawa nesa ba kusa ba. Mafi muni shi ne ya tumɓuke a hannun wanda ya dogara da shi. Gara a ce babu abin riƙo mutum ya yi hattara, da a ce akwai na ƙarya ya saki jiki.

A masana'anta, inda aka san za a ɗaura mariƙi akan binne katako ko farantin ƙarfe a cikin bangon tun kafin a matse shi. Saboda haka wuri mafi aminci shi ne inda tsohon mariƙin yake, da kuma jikin ƙashin da ya zagaye ƙofar. Ka kwance ɗan mariƙin naka, ka duba abin da notin ya fito da shi: idan garin katako ne ko ɓurɓushin ƙarfe, akwai abin kamawa, idan farin soso ne, babu. Za ka buƙaci sukundireba mai baki murabba'i lamba 2, da shi ake ɗaure kusan komai a tirela. Ka kuma kira kamfanin da ya ƙera tirelarka, ka ba su lambar jikinta, ka roƙi zanen bangon gefen ƙofa; wasu suna bayarwa. Wata dabara kuma ita ce ka fita da sassafe lokacin da raɓa ta kwanta a jikin bangon, sau da yawa za ka ga layin ƙashin ya fito ɓaro-ɓaro, sai ka yi alama da tef.

Idan ramukan sabon ƙarfen ba su dace da inda ƙashi yake ba, kada ka yi ganganci. Ka huda har ciki, ka sa dogon noti mai kai da gindi, ka tare shi daga ciki da faranti mai faɗi wanda zai raba nauyin, bayan ka tabbatar babu wayar lantarki a wurin, domin makunnan fitilu galibi a gefen ƙofa suke. Kowane rami kuma ka sa masa danƙon butil, wanda ke hana ruwa shiga, a ƙarƙashin ƙarfen kafin ka ɗaure, ka bi gefen da abin toshewa na tirela. Ka guji silikon na banɗaki, yana saki daga baya, kuma komai ba ya kama inda ya taɓa zama.

Baban Ikram, Columbus:

Na gode ƙwarai Alhaji, na gode Anti, na gode Injiniya. Na fita na duba yanzu. Bangona mai santsi ne, gwiwar dama ce ke damun Hajiya, daga ƙasa zuwa takar farko kuma na samu inci 11 a nan ƙofar gida, abin da ban taɓa lura da shi ba sai yau. Na ga mutane da yawa a sansani suna da wani babban mariƙi mai lanƙwasa wanda ake buɗewa ya fito waje, a naɗe shi idan za a tafi. Shin wannan zai wadatar, ko kuwa sai wanda ke gangarawa har ƙasa?

Hajiya Babba, Minneapolis:

Ɗana Baban Ikram, bari tsohuwa ta ba ka amsa, don ni ce irin wadda kuke magana a kanta. Shekaruna sun haura saba'in, an yi mini aikin gwiwa ɗaya, kuma ni da Alhajina mun shekara tara muna yawo, mun je gandun dajin Yellowstone sau biyu, mun yi hunturu a Arizona. Wancan mai lanƙwasa da ka gani, wanda ya fi shahara shi ne Lend-A-Hand na kamfanin Stromberg Carlson da ke Michigan, kuma da irinsa na fara. Ya fi ɗan ƙaramin na masana'anta sau goma, domin yana fitowa waje sosai, kana iya kama shi tun kana ƙasa idan kana da tsayi. A tirela mai taka biyu ya ishe ni. Da muka koma babba mai taka huɗu, irin wadda ake ɗora wuyanta a bayan a-kori-kura, sai na ga a taka biyun ƙarshe hannuna ba ya kaiwa, ga ni gajera. Ka dubi tsayin Hajiyarka kafin ka yanke shawara.

Akwai kuma abin da nake so iyaye su sani game da duk wani mariƙi mai naɗewa irin wannan. Ana iya naɗe shi ta kan ƙofa, mutane da yawa ma haka suke yi lokacin tafiya don kada ƙofar ta buɗe a hanya. To idan an naɗe shi haka akwai mutum a ciki, ƙofa ba za ta buɗu ba. Jikana ɗan shekara biyar ya taɓa yi mini haka yana wasa, ya tafi wurin lilo, ina ciki ni kaɗai da tukunya a wuta. Na kashe gas na zauna ina kira ta taga har maƙwabta suka ji. Tagar fita ta gaggawa tana nan, amma mai gwiwa irin tawa ba ta fita ta taga. Kana da yara ƙanana, ka ja musu kunne tun ranar farko, kuma idan wurin ya ba da dama ka saba naɗe shi ta ɗaya ɓangaren, jikin bango.

Yanzu abin da nake amfani da shi Safe-T-Rail ne na MORryde. A gefen ƙofa ake ɗaure shi, idan an jawo shi sai ya miƙe ya gangaro bisa karkatar matakalar, idan an gama a tura shi ya koma ya kwanta a bango, maganaɗisu ya riƙe shi. Ina sauka da shi ni kaɗai har ƙasa. Sai dai maganar Injiniya tana nan daram: tsawonsa yana sa ƙarfin da ke kan notin ya ƙaru, don haka ɗanmu bai ɗaura shi ba sai da ya tabbatar da abin da ke cikin bangon.

Ɗan Damagaram, Phoenix:

Gaisuwa ga iyayenmu da yayyenmu. Ni mai walda ne tun daga gida, kuma ra'ayina ya ɗan bambanta. Duk waɗannan da ake lissafawa a bango suke rataye, bangon kuma Injiniya da kansa ya ce soso ne. Me zai hana a bar bangon ya huta? Na ƙera wa mutane da dama a nan matakala mai zaman kanta, da ɗan dandamali a sama daidai bakin ƙofa, da ƙarfen dafawa hagu da dama, ƙafafunta huɗu a ƙasa, ba ta taɓa tirelar ko kaɗan. Mutum yana fitowa ya tsaya a dandamalin da ƙafa biyu, ya rufe ƙofa a natse, sannan ya sauka yana dafe da hannu biyu. Ga tsoho babu abin da ya kai wannan. Duk wanda ya je garin Quartzsite na Arizona a watan Janairu, lokacin da masu gudun sanyin arewa ke cika hamadar, zai ga irinta a ƙofofi da yawa. Ita ce kuma mafita ga masu motar da ke da injinta a jiki, waɗanda matakalarsu ta lantarki ce tana shigewa da kanta idan an rufe ƙofa, domin irin wannan ba a ɗaura mata komai a jiki.

Ina kuma jan hankali a kan zafi. Baƙin ƙarfe a ranar Arizona ba ya taɓuwa da tsakar rana, na ga wanda ya kama ya saki ba shiri yana tsakiyar matakala. Ku zaɓi mai launin fari ko na alminiyam, ko ku naɗe wurin riƙon da abin da ba ya ɗaukar zafi. Soson da ke zuwa a jikin wasu yana da daɗin riƙo, amma rana tana cinye shi, ya fara marmashewa, sai a sauya. Masu zuwa bakin teku kamar Galveston kuma, da masu bin titunan da ake zuba wa gishiri da hunturu, su nemi notin da ba ya tsatsa.

Injiniya, Elkhart:

Malam Ɗan Damagaram, a kan ƙarfi ba ni da ja, matakalarka ta fi kowacce. Inda na tsaya shi ne Baban Ikram ba zama zai yi wuri ɗaya wata uku ba, tafiya zai yi, yau nan gobe can, da mata da yara da kayan abinci. Tirela mai ƙafa 26 nauyin da aka yarda ta ɗauka ƙayyadadde ne, yana rubuce a wata takarda mai ruwan ɗorawa a jikin ƙofa ko kusa da ita, kuma ruwan tanki ma a cikin lissafin yake. Matakalar ƙarfe mai dandamali za ta ci wani kaso na wannan nauyi, ta ci wuri a bayan mota, kuma kullum sai mutum biyu sun sauke sun ɗora. Abin da ke da wahalar kafawa, ranar da aka iso da dare a gajiye ba za a kafa shi ba, a ranar ne kuma ake faɗuwa.

Akwai hanya ta tsakiya wadda ita ma ba ta taɓa bango. Idan ya bi shawarar Alhaji ya sa matakala mai sauka ƙasa, Lippert da MORryde duka suna sayar da ƙarfen dafawa da ake ɗaurawa a gefen matakalar kanta, ya bi karkatarta daga sama har ƙasa. Nauyin mai dafawa yana bi ta matakalar ya sauka ƙasa. Sai dai a kula da abu uku. Irin wannan matakala cikin ƙofa take naɗewa, don haka a auna faɗin ƙofar da kyau kafin a yi oda, a kuma tabbatar ƙarfen zai shige tare da ita ko ana zare shi. Tana buƙatar fili a gefe kafin ta sauko, idan ka ajiye tirelar dab da bango ko wata mota ba za ka iya shiga ba. Kuma duk ƙasar da ke kanta cikin ɗaki za ta zube idan an ɗaga ta, sai an share tukuna. Wanda ba ya son wannan, Torklift ta jihar Washington tana da GlowStep, wadda ke naɗewa a gurbin tsohuwar a waje amma ƙafafunta suna taɓa ƙasa, da ƙarfen dafawarta mai suna GlowGuide.

Malam na Bronx:

Assalamu alaikum. Ni ba ni da tirela, a birnin nan ko wurin ajiye ƙaramar mota aiki ne, haya nake yi sau ɗaya a shekara in kai iyali. Mai haya ba shi da ikon huda bangon mutane, saboda haka abin da na koya na masu ƙaramin ƙarfi ne, amma ina ganin zai yi wa Hajiya amfani ko da an sa mata ƙarfen. Na farko, ƙaramin dandamali mai faɗi mai ƙafafu huɗu da ake daidaita tsayinsu, a ajiye shi a gindin matakala, ya raba inci 11 ɗin nan biyu. Na biyu, fitila mai kunna kanta idan ta ji motsi, a ajiye ta ƙasa tana haska takun, domin fitilar saman ƙofa inuwar mutum take jefawa daidai inda zai taka. Na uku, shimfiɗa mai kaushi da ake ɗaurawa a kan kowace taka, saboda raɓar asuba a kan ƙarfe da jiƙaƙƙen silifa ba sa haɗuwa lafiya.

Sai maganar sutura, wadda masu ƙera waɗannan kaya ba su yi tunaninta ba. Iyayenmu mata da zani da dogon hijabi suke sauka. Duk ƙarfen da za ka saya, ka shafa shi da hannu daga sama har ƙasa, ka duba ko akwai kan noti ko ƙugiya ko bakin bututu da zai iya kama mayafi. Hijabin matata ya taɓa sarƙewa a wani ɗan ƙarfe na gefen matakala, Allah ya kiyaye ina bayanta.

Maman Hanif, Silver Spring:

Malam ya taɓo abin da na manta, Allah ya saka. Mai riƙe zani da hannu ɗaya saura hannu ɗaya gare ta, don haka Hajiya ta ɗan ɗage zanin ta soke shi tun tana ciki. Game da ɓangaren da za a sa ƙarfen, Baban Ikram, a tirela ba kai ke zaɓa ba sosai, domin ƙofa tana buɗewa ta kwanta a gefe ɗaya, ƙarfen bango kuma dole ya zauna a ɓangaren makulli. Wanda ake ɗaurawa a jikin matakala ma sai ka tabbatar ƙofar za ta wuce shi. Idan ya kasance ɓangaren bai yi mata daidai ba wajen sauka, ta juyo ta fuskanci ƙofa ta sauko da baya kamar yadda Alhaji ya ce direbobi ke yi, ta kama da hannu biyu. Kuma kafin ka bari ta taɓa shi, kai ka fara gwadawa: ka rataya nauyinka a ƙarshensa, ka ja shi gefe da ƙarfi. A gini ana so ƙarfen dafawa ya jure laba 200, wato kusan kilo 90, ta kowace fuska aka tura shi. Na tirela ba lallai ya kai haka ba, ka karanta abin da takardarsa ta ce, amma idan ya yi ƙara ko ka ga fatar bangon tana motsi a hannunka, bai isa a ba tsohuwa ba.

Alhaji Mai Tirela, Houston:

Abin da zan ƙara kaɗan ne. Kada ka saya daga hoto. Ka ɗauki Hajiya ku je wurin dillalan tirela mafi kusa da kai, akwai su da yawa a Ohio, ku bi layi tana hawa tana sauka a kan iri daban-daban, ba wanda zai hana ku. Ita za ta gaya maka wanda hannunta ya yarda da shi. Masu lokaci kuma, ana babban baje koli a Hershey ta Pennsylvania a watan Satumba, da wani a Tampa ta Florida a Janairu, a can na fara taka irin tawa kafin in saya. Sannan ka sa naɗe ƙarfen a cikin abubuwan da kake dubawa kafin ka tayar da mota. Faɗin da aka yarda da shi a manyan hanyoyi inci 102 ne, tirelarka ta kusa cinye shi, ƙarfen da aka manta a buɗe kuwa zai iya kama turken gidan mai ya yage maka bango. Ni zagaye biyu nake yi wa tawa da ƙafa kafin in shiga mota, kowace tafiya.

Baban Ikram, Columbus:

Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan mako biyu kamar yadda ya kamata. Ranar Asabar ta farko na bi maganar Alhaji, na kai Hajiya wurin dillali, ta gwada tireloli shida. Mai lanƙwasan ta ce yana da kyau amma a takar ƙarshe yana barinta. Wanda ta fi natsuwa da shi shi ne na jikin matakala mai sauka ƙasa, ta hau ta sauka sau uku ba ta nemi hannuna ba. Na dawo gida na kwance ɗan mariƙin kamar yadda Injiniya ya ce, notin sama ya fito da garin katako, na ƙasa kuwa da farin soso, wato duk wannan lokaci a kan noti ɗaya yake. Na toshe ramin ƙasan, na matsar da mariƙin inda raɓa ta nuna mini ƙashi, na mayar da shi da danƙon butil don masu hawa.

Na auna ƙofa sau biyu, na yi odar matakalar da ƙarfenta, wani maƙwabcina ya taya ni muka ɗaura cikin yini ɗaya. Na rataya a jikinsa kamar yadda Anti ta ce, bai motsa ba. Kan noti biyu da suka ɗan fito na rufe su da hular roba saboda hijabi, na sayi fitilar ƙasa da shimfiɗar taka, buta kuma ta samu wurinta a waje. Malam Ɗan Damagaram, maganarka tana raina, idan Allah ya sa muka samu wurin da za mu riƙa zama dukan bazara zan neme ka. Hajiya Babba, na karanta wa Hajiya saƙonki, ta ce in gaishe ki da kyau, ta kuma tambaya ko aikin gwiwar ya yi miki amfani, don ita ma likita ya fara yi mata maganarsa.

Jiya muka kwana a sansanin nan na farko. Da asuba na ji motsin ƙofa, na leƙa ta taga, na ga ta sa ƙafar dama a gaba, ta haɗa, ta sake sawa, hannunta yana bin ƙarfen har ta taka ƙasa. Ranar 14 ga wata za mu kama hanyar Tennessee in Allah ya yarda, a sa mu a addu'a.